Kalanda a fayil ɗin rubutu zalla: yadda ake tsara ta da yadda ake fitar da ita zuwa waya

Katin gayyata ya iso hannunka: ɗaurin aure ranar Asabar 14 ga Nuwamba, bayan sallar Azahar, a Mabera. Ba ka gama ajiye shi ba saƙo ya shigo cewa zubin adashi ranar biyar ga wata ne. Ga kuma ranar komawa wurin likitan ido da aka rubuta maka a bayan kati. Yawancinmu a nan Sakkwato wani mu bar shi a ka, wani a bayan kalandar bango, wani kuma ya nutse cikin saƙonnin WhatsApp har ranar ta wuce. Hanyar da za a bayyana a nan ita ce a tattara su duka a fayil guda mai suna kalanda.txt, kowane al'amari da layinsa, sannan daga wannan fayil ɗin a riƙa fitar da kwafi zuwa waya, ko takarda, ko ga iyali.

Rubutu zalla shi ne fayil ɗin da babu komai cikinsa sai haruffa: ba launi, ba ado, ba tebur. Notepad yana buɗe shi a Windows, Markor yana buɗe shi a Android, kuma ba ya jiran data ko sabis. Nauyinsa ma abin dariya ne. Layi mai bayit 70 (bayit ma'aunin nauyin fayil ne, kusan harafi ɗaya), sau biyar a rana, har shekara guda, bai wuce kilobayit 128 ba, wato bai kai hoto ɗaya na waya ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Abu ɗaya dai: kada ka rubuta shi a Word. Fayil ɗin Word ba rubutu zalla ba ne, kuma Word yana sauya gajeren jan layi zuwa dogo, yana lanƙwasa alamar da ke cikin Juma'a da La'asar ba tare da ya tambaye ka ba. Ido ba ya ganin bambancin, amma bincike yana gani.

Tsarin layi

Duk aikin a nan ya rataya. In layukan suka bi tsari ɗaya, jerawa da bincike da fitarwa duk za su zo da sauƙi. In kowane layi da irin nasa, sai dai ka koma karantawa da ido. Ga tsarin:

```
2026-11-03 Tal 10:00-11:30 | Ganin likitan ido +gida | Asibitin Koyarwa
2026-11-05 Alh | Zubin adashi +kudi
2026-11-08 Lah | Kasuwar Illela +kasuwa | Illela
2026-11-14 Asa 14:00-15:00 | Ɗaurin aure, bayan Azahar +gida | Mabera
```

Shekara ce farko, sai wata, sai rana, kowanne da cikakkun lambobinsa. Wannan shi ne tsarin ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988, kuma amfaninsa biyu ne. Na ɗaya, babu ruɗani: 03/11 a wurinmu uku ga Nuwamba ne, a wurin Ba'amurke kuwa sha ɗaya ga Maris, amma 2026-11-03 ba ta da fassara biyu. Na biyu, in kwamfuta ta jera layukan bisa haruffa, jerin kwanan wata ne zai fito da kansa. Sharaɗin shi ne sifiri kada ya faɗi. Ka rubuta 09:00, ba 9:00 ba, domin kwamfuta harafin farko take fara dubawa, sai ta ga 1 na 14:00 ya riga 9, ta sa ɗaurin auren Azahar a gaban ganawar safe. Saboda haka ne ma ake amfani da agogon awa 24.

Sunan rana a taƙaice yake, haruffa uku: Lit, Tal, Lar, Alh, Jum, Asa, Lah. Kwamfuta ba ta buƙatarsa, kai ne kake buƙata. Mu da suna muke riƙe rana, ba da lamba ba. In an ce maka "ranar Laraba mai zuwa" kuma layin da ka rubuta ya nuna Alh, nan take ka san ka yi kuskuren lissafi. Rubutaccen shirin da ke ƙasa ma zai riƙa duba maka wannan.

Tsayayyen layin nan | shi ke raba sassa uku: lokaci, abin da za a yi, wuri. An zaɓe shi ne don ba ya shiga cikin maganar yau da kullum, saɓanin waƙafi. Al'amarin da ba shi da ƙayyadadden lokaci, kamar zubin adashi, a bar wurin agogon fayau. Kalmomin da ke da + a gaba alamomi ne na rarrabewa. Uku ko huɗu sun isa, in suka yi yawa kai da kanka za ka manta da su. An rubuta +kudi ba ƙugiya da gangan, don a iya buga ta a kowace irin na'ura.

Lokacin da ba na agogo ba

Nan ne kalandar Bahaushe ta bambanta da wadda masu manhajoji suka yi wa tanadi. Ba kasafai ake ce maka ƙarfe kaza ba, sai dai bayan Azahar, bayan La'asar, tsakanin Magariba da Isha'i, ko da hantsi. Fayil ɗin da waya za ta karɓa kuwa lamba yake so. Maganin shi ne a rubuta duka biyun: agogo a sashen farko bisa lokacin da masallacin unguwar yake tayar da salla, kalmar da aka faɗa maka kuma a cikin bayanin, kamar yadda layin ɗaurin auren ya nuna. Kada ka ɗauko lokacin daga jadawalin wani gari. Najeriya agogo ɗaya take bi, amma Sakkwato tana can yamma, rana tana faɗuwa a Maiduguri da kusan rabin awa kafin ta faɗi a nan. Magariba kuma tana motsi daga wata zuwa wata, don haka karatun da ake yi bayan Magariba ba zai zauna a lamba ɗaya duk shekara ba.

Sai batun dare. In dattijo ya ce maka "daren Juma'a", sau da yawa daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi, domin a lissafin Musulunci dare ke riga yini. Matashi kuwa yana iya nufin daren da ke bin yinin Juma'ar. Ka tambaya kafin ka rubuta. A fayil ɗin, tsakar dare ce iyaka: abin da za a yi ƙarfe tara na daren Alhamis layin Alh ne, abin da za a yi ƙarfe ɗaya bayan tsakar dare, kamar tahajjud a goman ƙarshe, layin Jum ne da 01:00. Abin da ya fara kafin sha biyu ya ƙare bayanta, a raba shi layi biyu, ko a tsayar da shi a 23:59.

Ranar sunan jariri mai sauƙi ce: ranar da aka haihu ita ke zagayowa, haihuwar Talata sunan Talata, a ƙara bakwai kawai.

Ganin wata

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11. An yi Ƙaramar Sallah a Najeriya ranar Laraba 10 ga Afrilu a 2024, a 2025 kuma ranar Lahadi 30 ga Maris. Duk wanda ya sa wa Sallah "maimaita kowace shekara" a waya, baɗi wayar za ta yi masa barka da Sallah mutane sun daɗe da cinye tuwonsu. Kwanan Hijira da wayoyi da yawa ke nunawa kuma lissafi ne, galibi na kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, alhali a nan sanarwar da ta fito daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ita ake bi, kuma ana iya samun bambancin kwana ɗaya.

Rubutu zalla ya fi kowace manhaja dacewa da wannan, don yana barin ka rubuta shakka a matsayin shakka:

```
2027-03-09 Tal | ? Ƙaramar Sallah, in wata ya yi 29
2027-03-10 Lar | ? Ƙaramar Sallah, in wata ya cika 30
```

Daren da aka yi sanarwa, ka goge ɗaya, ka cire alamar tambaya daga ɗayan. Duk abin da ya rataya a kan watan, kamar tafiya gida, karɓo ɗinki, ko azumin Sitta Shawwal, shi ma ya ɗauki alamar tambaya, ta yadda bincike ɗaya zai fito maka da duk layukan da ke jiran gyara.

Dubawa da jerawa

A waya, binciken da ke cikin Markor ya wadatar: ka buga 2026-11-14 ka ga na ranar, ka buga +kudi ka ga duk abin da ya shafi aljihu. Mai kwamfutar Linux ko Mac, ko wanda ya sa Termux, manhajar buga umarnin Linux a Android, a wayarsa, yana da waɗannan umarnin:

```
grep "^$(date +%F)" kalanda.txt
grep "^2026-11" kalanda.txt
grep "?" kalanda.txt
sort -o kalanda.txt kalanda.txt
```

Na farko na yau ne, na biyu na watan Nuwamba duka, na uku masu jiran ganin wata, na huɗu kuma yana jera fayil ɗin a inda yake. A Windows, findstr ne ke yin aikin grep.

A kula da na huɗun. Mutane da yawa sukan rubuta sort kalanda.txt > kalanda.txt suna ganin daidai ne. Ba daidai ba ne: alamar > tana share fayil ɗin da za a rubuta a ciki tun kafin sort ya fara karantawa, sai ka buɗe ka tarar da fili fetal. Babu tambaya, babu gargaɗi. Haka nan > da >> ba ɗaya ba ne. Guda ɗaya tana shafe abin da ke ciki, guda biyu tana ƙarawa a ƙarshe.

Wani abin da ke ɓatar da bincike shi ne haruffa masu ƙugiya. In yau ka rubuta ɗaurin, gobe ka rubuta daurin, a wurin kwamfuta kalmomi biyu ne. Gboard, allon rubutun waya na Google, yana da Hausa, ka sa shi ka tsaya a kan rubutu ɗaya. Tsofaffin layuka kuma grep "[dɗƊD]aurin" zai kamo su duka.

Abin da ke maimaituwa

Shawararmu ita ce a rubuta kowace rana da layinta maimakon a ƙirƙiro ƙa'idar maimaitawa. Kasuwar Illela kowace Lahadi ce, amma ba kowace Lahadi za ka je ba. In layukan suna nan a shimfiɗe, wadda ba za ka je ba sai ka goge ta kawai. Ba sai ka buga su da hannu ba:

```
for i in $(seq 0 12); do date -d "2026-11-01 +$((i*7)) days" +"%F Lah | Kasuwar Illela +kasuwa"; done >> kalanda.txt
```

Wannan zai zuba Lahadi 13 a ƙarshen fayil, sai ka jera. A Linux da Termux yake aiki. Umarnin date na Mac ba ya karɓar -d ta wannan hanyar. Wata uku-uku ya isa, kada ka cika fayil da shekara biyar ta abin da ba ka da tabbas a kai.

Wanda maimaituwarsa ta yi yawa, kamar malamin da ke da jadawalin darussa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, yana iya duba Remind, tsohuwar manhajar Dianne Skoll, wadda ita ma fayil ɗin rubutu take karantawa. A can REM Sun MSG Kasuwar Illela na nufin kowace Lahadi, REM Sat 1 MSG Taron zumunci kuma Asabar ɗin farko ta kowane wata. Akwai calcurse, akwai Org-mode na Emacs, duk biyun suna fitar da fayil ɗin da waya ke karɓa. Sai dai kowanne da nahawunsa da za ka zauna ka koya.

Fitarwa zuwa kalandar waya

Fayil ɗin rubutu ba ya ƙara, ba ya tunatarwa. Don haka ake fitar da shi zuwa tsarin iCalendar, fayil mai ƙarewa da .ics, wanda Google Calendar da Outlook da kalandar iPhone duk suke fahimta. An fara tsara shi a 1998 a takardar RFC 2445, aka sabunta a 2009 da RFC 5545. Shi ma rubutu zalla ne, kana iya buɗe shi ka karanta. Ga yadda layin ɗaurin auren zai koma:

```
BEGIN:VEVENT
UID:7c1e@kalandata
DTSTAMP:20261101T080000Z
DTSTART:20261114T130000Z
DTEND:20261114T140000Z
SUMMARY:Ɗaurin aure\, bayan Azahar +gida
LOCATION:Mabera
END:VEVENT
```

Ka lura 14:00 ta koma 130000 da Z a ƙarshe. Z na nufin agogon duniya na UTC, Najeriya kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya, rani da damina, ba ma sauya agogo. To duk lokacin da za a sa wa Z sai an rage masa awa guda. Wanda ya manna Z bai rage ba, wayarsa za ta nuna 15:00, ya isa Mabera an shafa fatiha an watse, sai ɓawon goro. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, kuma alamarsa a fili take: komai ya goce da awa ɗaya daidai.

Ga shirin da zai yi aikin duka, an rubuta shi da Python, wani yaren shirya kwamfuta. Ka ajiye shi da suna fitar.py a folda ɗaya da kalanda.txt:

```
import hashlib
from datetime import datetime, timedelta, timezone

RANAKU = ["Lit", "Tal", "Lar", "Alh", "Jum", "Asa", "Lah"]

def tsare(s):
    for a in ("\\", ";", ","):
        s = s.replace(a, "\\" + a)
    return s

def nade(layi):
    guntaye, yanzu = [], ""
    for harafi in layi:
        if len((yanzu + harafi).encode("utf-8")) > 75:
            guntaye.append(yanzu)
            yanzu = " "
        yanzu += harafi
    return guntaye + [yanzu]

hatimi = datetime.now(timezone.utc).strftime("%Y%m%dT%H%M%SZ")
fita = ["BEGIN:VCALENDAR", "VERSION:2.0", "PRODID:-//kalandata//HA"]

for layi in open("kalanda.txt", encoding="utf-8-sig"):
    layi = layi.strip()
    if not layi[:4].isdigit():
        continue
    sassa = [x.strip() for x in layi.split("|")] + ["", ""]
    kai = sassa[0].split()
    rana = datetime.strptime(kai[0], "%Y-%m-%d")
    if RANAKU[rana.weekday()] != kai[1]:
        print("Duba sunan rana:", layi)
    lamba = hashlib.md5(layi.encode("utf-8")).hexdigest()
    fita += ["BEGIN:VEVENT", "UID:" + lamba + "@kalandata", "DTSTAMP:" + hatimi]
    if len(kai) > 2:
        for suna, agogo in zip(("DTSTART", "DTEND"), kai[2].split("-")):
            t = datetime.strptime(kai[0] + " " + agogo, "%Y-%m-%d %H:%M")
            t -= timedelta(hours=1)
            fita.append(suna + ":" + t.strftime("%Y%m%dT%H%M%SZ"))
    else:
        gobe = rana + timedelta(days=1)
        fita.append("DTSTART;VALUE=DATE:" + rana.strftime("%Y%m%d"))
        fita.append("DTEND;VALUE=DATE:" + gobe.strftime("%Y%m%d"))
    fita.append("SUMMARY:" + tsare(sassa[1]))
    if sassa[2]:
        fita.append("LOCATION:" + tsare(sassa[2]))
    fita.append("END:VEVENT")

fita.append("END:VCALENDAR")
with open("kalanda.ics", "w", encoding="utf-8", newline="") as f:
    for layi in fita:
        for guntu in nade(layi):
            f.write(guntu + "\r\n")
```

Ka buga python fitar.py, kalanda.ics zai bayyana a gefe. A Termux sai ka fara da pkg install python, sannan termux-setup-storage don ya samu izinin ganin foldojin wayar. Duk layin da bai fara da lambobi huɗu ba shirin tsallake shi yake yi, don haka kana da damar rubuta kanun wata ko tunatarwa a tsakani, sai dai sort zai kwashe su daga wurarensu. In ya tsaya da kuka, kusan kullum layi ne da aka manta wa tsayayyen layin rabewa, ko aka rubuta 10.00 maimakon 10:00.

Abubuwa huɗu a cikinsa sun cancanci bayani, domin su ne ke hana fayil shiga.

Al'amarin yini guda yana ƙarewa ne a ranar da ke biye. Zubin adashi na 5 ga wata DTEND ɗinsa 6 ne, saboda a wannan tsarin ranar ƙarshe ba ta cikin lissafi. In ka taɓa ganin taron kwana uku ya fito kwana biyu a waya, dalilin ke nan.

Waƙafi, da waƙafi mai ɗigo, da karkataccen layin baya duk suna da aiki na musamman a tsarin, sai an sa musu \ a gaba kafin a ɗauke su a matsayin rubutu. Aikin sashen shirin mai suna tsare ke nan.

Ƙa'idar ta so kada layi ya wuce bayit 75. In ya wuce a karya shi, ci gaban ya fara da sarari ɗaya. Bayit aka ce, ba harafi ba, kuma nan ne Hausa ke tuntuɓe. A UTF-8, tsarin da shirin ke adana haruffa da shi, harafin boko na yau da kullum bayit ɗaya ne, amma ɓ, ɗ da ƙ bayit biyu-biyu ne, haka ma haruffan Larabci ga mai rubuta ajami. Shirin da ya yanke a bayit na 75 ido rufe yana iya tsaga ƙ gida biyu, sai ka ga baƙar alamar tambaya a tsakiyar kalma. Aikin sashen shirin mai suna nade shi ne ya auna kafin ya yanke.

Na huɗu shi ne UTF-8 ɗin kansa. Tsohon Notepad yana ajiyewa da tsarin ANSI in ba ka sauya ba, a nan kuwa ƙ ba ta da gurbi, sai ta zama ? har abada, babu dawowa. Daga Windows 10 na 2019 ne UTF-8 ya zama zaɓin farko. A tsohuwar kwamfuta, ka duba akwatin Encoding a ƙasan tagar ajiyewa.

Shigarwa, da matsalar ninkuwa

Google Calendar a kwamfuta ake shigar masa da fayil: Settings, sai Import & export, ka zaɓi kalanda.ics, ka zaɓi kalandar da zai shiga. Fayil kada ya wuce megabayit ɗaya. Amma kafin nan, ka buɗe sabuwar kalanda ta daban, ka sa mata suna kamar "Daga fayil", kuma kullum cikinta za ka zuba. Dalili: manhaja da UID, wato lambar shaidar kowane al'amari, take gane shi, shirin nan kuma daga rubutun layin yake ƙera UID. Ka gyara harafi ɗaya, lambar ta sauya, manhajar ta ɗauke shi sabo, tsohon kuma yana nan zaune. Bayan shigarwa uku sai ka ga likitan ido sau uku a rana ɗaya. In a kalanda ta daban suke, sai ka goge ta ɗungurungum, ka buɗe wata, ka zuba sabon fayil. Aikin minti biyu. In kuwa ka cakuɗa su da babbar kalandarka, sai tsinta ɗaya bayan ɗaya. A saitin wannan kalandar ne kuma za ka sa tunatarwa, misali minti 30 kafin lokaci, ta hau kan duk al'amarin da ke da agogo.

Wanda ba ya son bi ta intanet, Fossify Calendar a Android tana shigar da .ics kai tsaye daga wayar. Mai iPhone ya aika wa kansa fayil ɗin ta imel ya buɗe shi a Mail. Ko ta ina ka bi, ka fara gwadawa da layi uku, ɗaya mai agogo, ɗaya na yini guda, ɗaya mai ƙ da waƙafi, ka duba yadda suka fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shigarwa hanya ce mai zuwa ba dawowa. Abin da ka gyara a kalandar waya ba zai koma fayil ba, kuma ranar da ka goge ka sake zubawa zai tafi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya: kalanda.txt ne sarki, gyara a can ake yi. In an tare ka a hanya an ba ka rana, Markor za ka buɗe, ba kalandar waya ba.

Akwai kuma hanyar CSV, fayil ɗin tebur da waƙafi ke raba ginshiƙansa, wadda Google ke karɓa da kanun ginshiƙai irin su Subject, Start Date da Start Time. Ba mu ba da shawararta. Wata take sa wa a gaba, 11/03/2026 a matsayin uku ga Nuwamba, kuma in fayil ɗin ya ratsa ta Excel yana iya juya kwanakin ya kuma ɓata haruffa masu ƙugiya.

Takarda, iyali, da ajiya

Ba kowa ke son .ics ba. Ga uwargida ko Baba, grep "^2026-11" kalanda.txt | grep "+gida" > nuwamba.txt zai ware na gida kaɗai; a buga shi a shagon buga takardu a manna bayan ƙofa, ko a kwafa a WhatsApp. Kafin ka tura wa kowa, ka tace: grep -v "+kudi" yana cire duk layin da ke da alamar. Fayil ɗin kansa ba kulle gare shi ba, duk wanda ya riƙe wayar, mai caji ne ko mai gyara, yana iya karantawa. Lambar sirrin banki da makamantanta ba nan ne wurinsu ba.

Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, zafin Afrilu yana kumbura batir. Kwafi biyu aƙalla, a na'urori biyu. Mafi sauƙi shi ne kowace Juma'a ka kwafi fayil ɗin da kwanan wata a sunansa, kamar kalanda-2026-11-06.txt, ka tura kwamfuta ko filashi. Syncthing yana daidaita folda tsakanin waya da kwamfuta in suna kan Wi-Fi ɗaya, ko da babu data. In ka gyara fayil ɗin a wurare biyu kafin su haɗu, ba zai zaɓar maka a ɓoye ba, zai ajiye na biyun da sync-conflict a cikin sunansa; ka buɗe su gefe da gefe ka ɗebo layukan da suka ɓace. Mai Git kuwa, manhajar da ke adana tarihin gyaran fayil, git commit -am "gyara" bayan kowane zama ya ishe shi, har kuskuren sort ɗin can yana iya warwarewa.

Idan shekara ta ƙare, kada ka goge tsofaffin layuka. Ka kwashe su da grep "^2026" kalanda.txt > tarihi-2026.txt, ka buɗe sabon fayil ɗin ka tabbatar sun shiga, sannan ka cire su daga babban. Ranar da gardama ta tashi kan wane wata aka karɓi kwasar adashi, ko yaushe aka kai yaro rigakafi, grep "adashi" tarihi-*.txt zai bi duk shekarun ya fito da layukan.